Aikin mataimakin lauya: yadda ake shigarsa da iyakar da doka ta shata masa

A harabar kowace kotu a manyan biranen ƙasar nan, daga ta majistare har zuwa Babbar Kotu, akwai mutanen da ke kai-komo da fayil a hammata waɗanda ba alƙalai ba ne, ba kuma lauyoyi ba. Wasu ma'aikatan ofisoshin lauyoyi ne da aka aiko su shigar da takardu. Wasu wakilan ƙungiyoyin agaji ne da suka zo bin kadin wani da ke tsare. Wasu kuwa 'yan buga-buga ne da ke jiran wanda ya zo a ruɗe, su tare shi da cewa sun san alƙali, sun san rajistara. Uban da aka kama wa ɗa, ko ɗan kasuwar da aka riƙe wa kuɗin kaya, da wuya ya iya bambance su, kuma sau da yawa duka yakan kira su "Barista".

Rukuni biyu na farko su ne mataimakan lauya, waɗanda 'yan boko ke kira faraligal. Sana'a ce halattacciya da dokar Najeriya ta san da zamanta, kuma matashin da ya gama sakandare zai iya shigarta ba tare da ya yi digirin lauya ba. Sai dai tana da iyaka wadda ƙetare ta laifi ne, kuma sanin wannan iyaka shi ne abu na farko da ya kamata mai sha'awar aikin ya koya, shi ne kuma abin da mai neman taimako zai riƙe don kada a cuce shi.

Wane ne mataimakin lauya?

Dokar Agajin Shari'a ta shekarar 2011 ta bayyana shi a matsayin mutumin da ba a rantsar da shi lauya ba a Najeriya, amma yake gudanar da ayyukan da suka shafi shari'a a ƙarƙashin jagoranci da kulawar lauya. Wannan doka ita ce ke tafiyar da Hukumar Bayar da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin samar wa marasa hali lauya kyauta. Sashe na 17 na dokar ya ba hukumar ikon ba da lasisi ga waɗanda suka samu horon da aka tsara a wannan fanni.

A aikace, masu sana'ar sun kasu gida biyu. Na farko shi ne wanda ke aiki a ofishin lauya, ko sashen shari'a na banki, kamfani ko ma'aikata. Shi ke karɓar bayanin wanda ya zo da matsala ya rubuta shi a tsare, ya binciko hukunce-hukuncen da aka yanke a baya kan irin batun, ya tsara daftarin takardun da lauya zai duba ya sa hannu, ya kai su rajistara, ya bi diddigin sammaci har ya isa hannun wanda aka yi ƙara. Shi ke zuwa ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, domin neman bayanin ko filin da za a saya yana da rikici ko an jinginar da shi.

Na biyu shi ne wanda ke aiki a cikin al'umma, galibi a ƙarƙashin wata ƙungiya ko ofishin agajin shari'a. Aikinsa wayar da kan mutane game da haƙƙinsu, raka su ofishin 'yan sanda, ziyartar gidajen gyaran hali, sasanta ƙananan rigingimu, da miƙa wa lauya duk abin da ya fi ƙarfinsa.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kotunan alƙalai na dā suna da muhuti da magatakarda masu taimaka wa alƙali da rubutu da bincike, kuma tsofaffi suna tuna marubutan wasiƙa da ke zama a bakin kotu da gidan waya suna rubuta wa mutane koke. Tun zamanin Turawa aka yi dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, domin a san wanda za a tuhuma idan an rubuta abin da mai takardar bai faɗa ba.

Dalilin da ya sa ake buƙatarsa

Shekara da shekaru, alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Da yawansu ba su da lauya, wasu ma danginsu ba su san inda suke ba. Lauyoyi kuwa sun fi taruwa a Legas, Abuja, Fatakwal, Kano da sauran manyan birane, inda ake iya biyan su.

Abin takaicin shi ne, yawancin kariyar da irin waɗannan mutane suke buƙata tana nan rubuce. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Ya ce a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai dai idan kotu ta ga dacewar ƙarin lokaci. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma fayyace cewa ba za a hana mace tsayawa belin wani ba don kasancewarta mace. Wannan doka ta shafi kotunan tarayya da Abuja, amma jihohi sun yi irinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita hanin kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a sa rigar lauya kafin a tunatar da jami'i. Hasali ma sashe na 17 na dokar 2015 ya ce idan wanda ake zargi ba shi da lauya, ana iya ɗaukar bayaninsa a gaban jami'in Hukumar Agajin Shari'a, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko duk wanda ya zaɓa. A nan ne mataimakin lauya ya fi amfani, domin abin da aka rubuta a daren farko a caji ofis shi ke bin mutum har ƙarshen shari'arsa.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu nisa a wannan fanni. A Malawi an fara tura mataimakan lauya gidajen yari tun shekarar 2000. A Saliyo ƙungiyar Timap ta fara irin aikin a karkara a 2003, sannan dokar agajin shari'a ta ƙasar ta 2012 ta amince da su a hukumance. A Disambar wannan shekara ta 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙa'idojinta kan agajin shari'a, waɗanda suka buƙaci ƙasashe su ba mataimakan lauya gurbi.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Lauya a Najeriya shi ne wanda ya yi digirin shari'a na shekara biyar, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari a Abuja kuma take da rassa har da na Bagauda a Kano da na Yola, aka rantsar da shi, sannan aka shigar da sunansa cikin rajistar da ke Kotun Ƙoli. Dokar Lauyoyi ta 1975 ta ce wanda sunansa ke cikin wannan rajista shi kaɗai ke da ikon yin aikin lauya.

Sashe na 22 na dokar ya mayar da wasu abubuwa laifi ga wanda ba lauya ba. Daga ciki akwai yin aikin lauya ko nuna wa jama'a cewa shi lauya ne, da amfani da laƙabin da ke nuna hakan. Akwai kuma shirya takardar da ta shafi fili ko gida, ko ta neman izinin kula da dukiyar mamaci, ko ta shari'a a manyan kotuna, idan an yi domin a biya shi. Ke nan mai shagon kwamfuta da ke buga wa mutane takardar cinikin gida yana karɓar kuɗin "aikin lauya" ya taka doka, ko da yana da difloma.

Kotun Ƙoli ta nuna tsananin wannan al'amari a shari'ar Okafor da Nweke a 2007, inda ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista. Idan sunan ofishin lauyoyi bai wadatar ba, ina ga sa hannun wanda bai taɓa zuwa makarantar lauyoyi ba? Mataimaki zai iya rubuta daftari tun daga farko har ƙarshe, amma lauya ne zai karanta, ya gyara, ya sa hannu, ya manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, kuma shi ke ɗaukar alhakin abin da ke ciki.

Haka nan mataimakin lauya ba ya tsayawa a gaban alƙali ya kare wanda ake tuhuma. Tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma zaɓi biyu, ya kare kansa ko ya ɗauki lauya. Ƙa'idojin aikin lauyoyi kuma sun hana lauya raba kuɗin aikinsa da wanda ba lauya ba, sun hana shi taimaka wa wani ya yi aikin lauya ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka wanda ke farautar masu ƙara a bakin kotu yana kai wa lauya don a ba shi la'ada, dillali ne, kuma shi da lauyan duk suna kan kuskure.

Karatun da ake buƙata

A Najeriya babu wata jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya da sai mutum ya ci kafin ofishin lauya ya ɗauke shi mataimaki. Wannan ya bambanta da lardin Ontariyo na Kanada, inda tun 2007 sai da lasisi ake yin aikin. Rashin irin wannan tsari ya sa ƙofar take a buɗe, ya kuma sa masu sayar da takardun banza suke samun kasuwa. Hanyoyin da aka sani guda uku ne.

Ta farko ita ce diflomar shari'a ta shekara biyu. Tushenta shi ne sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar, har da Turanci. Makarantu da dama suna neman Adabin Turanci da Lissafi, masu koyar da shari'ar Musulunci kuma sukan nemi Larabci ko Addinin Musulunci. Arewa tana da tsohon tarihi a wannan fanni, domin tun 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A yau akwai Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya, da Kwalejin Aminu Kano da mutanen Kano ke kira Ligal, da Kwalejin Muhammad Goni a Maiduguri, da ta A.D. Rufa'i a Misau, da ta Yusuf Bala Usman a Daura, da irinsu a Yola, Ringim, Nguru da Minna. A nan ɗalibi zai karanci tsarin shari'ar Najeriya, dokar yarjejeniya, dokar laifuka, dokar shaida, dokar filaye, da hukunce-hukuncen aure da gado. Wasu jami'o'i suna karɓar mai kyakkyawan sakamakon difloma ya shiga aji biyu na digirin lauya ta hannun JAMB, amma sharuɗɗan sun bambanta, don haka a tambayi jami'ar kafin a dogara da hakan.

Hanya ta biyu ita ce gajeren horo na makonni ko watanni da ƙungiyoyi ke bayarwa ga masu aikin al'umma. A Kano, alal misali, Gidauniyar Isa Wali ta yi suna wajen horar da irin waɗannan ma'aikata. Wannan horo ya fi dacewa da malamin makaranta, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda mutanen unguwa suka riga suka yarda da shi.

Ta uku ita ce koyo a bakin aiki. Akawun lauya da ya shekara goma yana shigar da takardu yakan san hanyoyin rajistara fiye da sabon lauya. Mai digiri a wani fanni ma yana da gurbi: wanda ya karanta akanta yana da amfani a shari'ar haraji da bashin banki, wanda ya karanta safiyo yana da amfani a rikicin fili. Sai dai wanda ya koya a bakin aiki kawai, ba shi da takardar da zai nuna idan ya bar wannan ofis, shi ya sa haɗa gogewa da difloma ya fi.

Kafin a biya kuɗin makaranta, a bincika wace hukuma ce ta amince da kwas ɗin. Difloma ta ƙasa tana ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Idan jami'a ce ke ba da takardar, a tabbatar da hakan daga jami'ar kanta. Duk makarantar da ta yi alƙawarin cewa bayan wata shida ɗalibinta zai iya tsayawa a kotu ko ya buɗe ofishinsa na lauya, to a kama gaba.

Abin da takarda ba ta bayarwa

Lauyoyin da ke ɗaukar mataimaka sukan fara da duba rubutu. Harshen manyan kotuna Turanci ne, kuma kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum ko lambar fili yana iya jawo ɗage zama. A Arewa kuma ana buƙatar wanda zai juya bayanin dattijuwa daga Hausa zuwa Turanci ba tare da ya ƙara gishiri ko ya rage ba, ya kuma juya mata hukuncin kotu zuwa Hausar da za ta gane. Wanda ya iya karanta Larabci da ajami yana da fifiko, domin tsofaffin takardun cinikin gona da na rabon gado da yawa da su aka rubuta. Sanin kwamfuta ya zama dole, tunda rajistar kamfani a CAC ta koma intanet.

Sai kiyaye lokaci. Mai son ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara yana da wata uku idan hukuncin ƙarshe ne a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi, kwana 14 kacal idan hukuncin tsakiyar shari'a ne. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta taƙaita wa'adin kai jami'i ƙara kan abin da ya yi a bakin aiki zuwa wata uku a mafi yawan lokuta. Mataimaki shi ke riƙe da kundin waɗannan ranaku, kuma mantuwarsa ta kwana ɗaya tana iya sa mai gaskiya ya koma roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, ko ya rasa damarsa gaba ɗaya.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi shi ne riƙon amana. Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya fallasa sirrin wanda yake wakilta, kuma ta shimfiɗa wannan hani a kan tafintoci da akawunan lauyoyi. Mataimaki yana ganin wasiyyar attajiri, da bashin da ake bin babban ɗan kasuwa, da abin da ya raba miji da mata. Ranar da ya kai ɗaya daga cikinsu majalisar hira, aikinsa ya ƙare, ofishin da ya ɗauke shi ma ya shiga uku. Ga kuma kuɗin mutane da ke ratsa hannunsa: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin hatimi, kuɗin kai sammaci. Kowanne yana da rasit, kuma mataimakin kirki ba ya jira a tambaye shi.

Inda ake samun aiki

Ban da ofisoshin lauyoyi da sassan shari'a na bankuna da kamfanoni, mai diflomar shari'a yana iya neman aikin rajistara ko akawun kotu ta hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiharsa. Akwai ma'aikatun shari'a, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1995. Cibiyoyin sulhu na kotuna, irin wadda Legas ta buɗe a 2002 da ta Kano a 2009, suna buƙatar masu horon sasanci. Kotunan ƙananan basussuka, da Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo baya a 2019, an tsara su ne yadda ɗan kasuwa zai iya gabatar da ƙararsa da kansa, kuma ƙungiyar kasuwar da ke da mutum ɗaya da ya san yadda ake cike fom da tattara rasit ta sauƙaƙa wa 'ya'yanta wahala mai yawa.

Batun albashi kuwa, a gwamnati ana bin matakin aiki ne, inda mai difloma ta ƙasa yakan fara daga mataki na 6. A ofisoshi masu zaman kansu babu tsayayyen ma'auni. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ofisoshin lauyoyi ƙanana ne. Don haka a daidaita kan albashi a rubuce tun kafin a fara. Ma'aikacin gwamnati da ke tunanin yin aikin a gefe ya tuna cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta hana cikakken ma'aikaci gudanar da wata sana'a ta kansa, in ban da noma.

Ga mai neman taimako

Tambayoyi kaɗan sun isa a gane da wa ake magana. A tambaye shi kai tsaye ko shi lauya ne, domin mataimaki na gaskiya ba ya jin kunyar cewa a'a. A tambaye shi sunan lauyan ko ƙungiyar da yake aiki a ƙarƙashinta, a kuma je ofishin a gani da ido. A nemi rasit na kowane kuɗi. A duba takardar cinikin fili ko gida a ga sunan lauyan da ya shirya ta da hatiminsa. Wanda ya nemi kuɗin "ganin alƙali", ko ya ce a kawo na beli a caji ofis alhali beli a can kyauta ne, ko ya rantse cewa lallai za a yi nasara, ya riga ya bayyana kansa.

Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, ya nemi ofishin Hukumar Bayar da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi Mata, FIDA, ko ɗakin agajin shari'a na tsangayar koyon lauya a jami'ar da ke kusa da shi. A irin waɗannan wurare, sau da yawa wanda zai fara sauraronsa ya buɗe masa fayil mataimakin lauya ne, kuma daga hannunsa maganar za ta isa ga lauya.